Me ya sa ba a ambaton Rivaldo idan ana lissafin gwanayen Burazil?

Ɗan Zangou:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu bibiyar ƙwallon ƙafa. Tambayata ta samo asali ne daga wata gardama da muka yi daren jiya a fadarmu da ke nan Zangou, wadda muka fara bayan sallar isha'i, har aka sha shayi na uku ba mu rabu ba. Muna lissafin manyan 'yan wasan da ƙasar Burazil ta fitar, kowa yana kawo nasa: wani ya ce Pele, wani Ronaldo, wani Ronaldinho, mu ƙanana kuma muka tsaya a kan Neymar. Ana cikin haka sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo wucewa ya tsaya muka gaisa, da ya ji abin da ake magana a kai sai ya ce duk lissafin da babu Rivaldo a cikinsa bai cika ba, kuma a cikin waɗanda shi ya gani da idonsa, Ronaldo kaɗai zai yarda a sa a gabansa. Bai zauna ya yi mana bayani ba, ya wuce abinsa, ya bar mu da magana a baki.

Ni bayan kofin duniya na 2002 aka haife ni. Abin da na sani game da Rivaldo bai wuce wani ɗan gajeren bidiyo da ke yawo a wayoyi ba, inda wani ɗan wasan Turkiyya ya bugo masa ƙwallo a ƙafa, shi kuma ya dafe fuska ya faɗi. Shi ya sa maganar kawu ta tsaya mini a rai. Ina roƙon waɗanda suka kalli wasansa su warware mini: waɗanne ƙungiyoyi ya buga wa, me ya ci wa ƙasarsa, kuma idan har ya kai matsayin da kawu ya ba shi, me ya sa sunansa bai kai kunnen 'yan zamaninmu ba? Na kuma ji an ce ya taɓa buga wasa a wata ƙungiya ta Afirka, ina so in ji gaskiyar wannan.

Mushe Mai Ritaya, Birni:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kawunka bai yi kuskure ba, kuma zan fara maka daga daren da yawancinmu a nan Damagaram muka fara jin sunan mutumin, domin a wannan daren ne aka ɗaura masa laifin da ya daɗe yana bin sa.

Ranar 31 ga Yulin 1996 Najeriya ta haɗu da Burazil a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka. Cikin dare muka taru a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu da ya fito da talabijin waje, kuma dukkanmu Najeriya muke goyon baya, ba don maƙwabtaka kaɗai ba, har don akwai irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar, waɗanda muke jin kamar 'yan gidanmu ne. An tafi hutun rabin lokaci Burazil tana da ci 3, Najeriya tana da 1, wanda shi ma Roberto Carlos ne ya ci gidansu. Wasu sun naɗe tabarmi sun tafi barci. Saura minti goma sha biyu a tashi, Rivaldo ya yi sake aka ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, daga nan Victor Ikpeba ya ci ta biyu, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, sannan ya ƙara ta huɗu a farkon ƙarin lokaci, wasa ya ƙare nan take bisa dokar wancan zamani. Mu mun kwana muna murna, amma a Burazil jama'a da 'yan jarida sun tattara laifin rashin nasarar sun ɗora wa mutum ɗaya, kasancewar yana cikin manya uku da aka ɗauko don su riƙe yaran, shi da Bebeto da Aldair. An daɗe ba a sake kiran sa tawagar ƙasa ba, har gasar Copa America ta 1997 ta wuce babu shi.

Cikakken sunansa Rivaldo Vítor Borba Ferreira, an haife shi ranar 19 ga Afrilun 1972 a jihar Pernambuco, yankin birnin Recife, a arewa maso gabashin Burazil. Ka riƙe wannan, domin yana da muhimmanci. Arziki da manyan jaridu da manyan ƙungiyoyin ƙasar suna kudu ne, a Rio da Sao Paulo, shi kuwa ɗan yankin da ake yi wa kallon na talakawa ne. Ya tashi cikin rashi mai tsanani, har ƙarancin abinci ya lalata masa haƙora, ƙafafunsa kuma suka yi baka, abin da duk wanda ya kalli tafiyarsa a fili zai lura da shi. Mahaifinsa ya rasu a hatsarin mota a 1989, yana ɗan shekara goma sha shida. Duk wanda ya koyar a makarantun karkarar ƙasar nan, kamar yadda na yi shekaru, ya san irin wannan yaro: ba ya yawan magana, ba ya kallon idon manya, idan an zage shi sai ya haɗiye. Haka Rivaldo ya kasance har girmansa, bai iya zama gaban 'yan jarida ya tallata kansa ba.

Ya fara da Santa Cruz ta Recife, ya koma wata ƙaramar ƙungiya mai suna Mogi Mirim a jihar Sao Paulo a 1992, Corinthians ta karɓe shi aro a 1993, kuma a ƙarshen wannan shekara ya buga wa ƙasarsa wasan farko da Meziko, ya kuma ci ƙwallo. A 1994 ya koma Palmeiras, babbar abokiyar hamayyar Corinthians, suka ɗauki kofin ƙasa a shekarar bayan sun doke ita Corinthians ɗin a wasan ƙarshe, inda shi da kansa ya zura musu ƙwallaye. Bayan Olamfik ya tsallaka Sifaniya, ƙungiyar Deportivo La Coruña, ya ci ƙwallo 21 a kaka ɗaya, alhali ba shi ne ɗan wasan gaba na tsakiya ba, suka ƙare a matsayi na uku. Da Ronaldo ya bar Barcelona ya tafi Inter Milan a 1997, sai Barcelona ta biya kuɗin da ke rubuce a kwantiraginsa, peseta biliyan 4, a ranar ƙarshe ta kasuwar 'yan wasa, ta ɗauke shi.

A Barcelona ne ya kai ƙololuwa. Sun ci kofin La Liga sau biyu a jere, 1998 da 1999, da kofin Sarkin Sifaniya (Copa del Rey) na 1998. A 1999 ya tafi Copa America a Paraguwai, ya ci biyu a wasan ƙarshe da suka doke Urugwai 3 da nema, aka zaɓe shi gwarzon gasar, a ƙarshen shekara kuma ya karɓi Ballon d'Or da kyautar gwarzon duniya ta FIFA. Wanda ya zo na biyu shi ne David Beckham, a shekarar da Manchester United ta haɗa kofi uku. Wato an auna shi da mutumin da ya ci komai a Turai, aka ga ya rinjaye shi.

Amma idan kana so ka ga mutumin a wasa ɗaya, ka nemi wasan Barcelona da Valencia na ranar 17 ga Yunin 2001. Ranar ƙarshe ce ta kaka, Barcelona ta lalace bayan tafiyar Figo zuwa Real Madrid, kuma dole sai ta yi nasara kafin ta sami gurbi na huɗu ta shiga gasar zakarun Turai, ita kuwa Valencia canjaras ya ishe ta, ga shi ta buga wasan ƙarshe na gasar zakarun sau biyu a jere. Rivaldo ya ci ta farko da bugun tazara, Baraja na Valencia ya farke. Ya ci ta biyu daga nesa, Baraja ya sake farkewa. Ana dab da tashi, Frank de Boer ya ɗago masa ƙwallo yana bakin da'irar gidan Valencia ya juya wa raga baya, ya tare ta da ƙirji ta tashi sama, ya yi alkafura ya dake ta da ƙafar hagu, ta shige gefen Cañizares, mai tsaron gidan Valencia. Na kalli ƙwallo fiye da shekara arba'in, ban ga wanda ya ci uku irin waɗannan a wasa ɗaya ba, a ranar da ƙungiyarsa ba ta da wata mafita sai shi.

A ganina abin da ya rage masa suna shi ne zamanin da ya faɗo. Ya shiga Barcelona a bayan Ronaldo, ya fita shekara ɗaya kafin zuwan Ronaldinho, daga nan kuma sai Messi, wanda ya shafe kusan duk wanda ya gabace shi. Hasken waɗannan ya rufe shekaru biyar da shi ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗarsa.

Ɗan Sabon Gari:

Mushe, Allah ya ƙara maka lafiya. Ban isa in ja da kai a kan tarihi ba, domin duk abin da ka kawo haka yake, amma ina neman izini in saɓa maka a kan dalili. Ba zamani kaɗai ya rage wa Rivaldo suna ba, akwai abubuwan da ya jawo wa kansa, kuma bai kamata a ɓoye wa wannan yaro su ba.

Na farko shi ne bidiyon da ya ambata. Ranar 3 ga Yunin 2002 ne, wasan farko na Burazil a kofin duniya, suna gaba da 2 da 1, kuma shi Rivaldo ne ya ci ta biyun da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ana dab da tashi yana tsaye a kusurwa yana jan lokaci, sai Hakan Ünsal ya fusata ya bugo masa ƙwallon, ta same shi a cinya, shi kuma ya kama fuska ya zube kamar an jefe shi da dutse. Alƙalin wasa ya kori Ünsal. FIFA ta duba hotunan ta ci shi tarar kuɗi, amma ba ta dakatar da shi ko wasa ɗaya ba. Na san Ünsal ma ya yi laifi, amma laifin wani ba ya wanke yaudara. Mu mutanen garin nan da muka tashi muna kallon kokowa mun san cewa ɗan kokowar da ya yi nasara ta hanyar ha'inci, ko an ba shi kyauta, makaɗa ba sa yi masa kirari da zuciya ɗaya. Mutumin da ya riga ya karɓi Ballon d'Or, duniya duka tana kallon sa, ba ya buƙatar wannan. Idan yau yara sun san shi da wannan faɗuwa fiye da alkafurar Valencia, da hannunsa ya rubuta hakan.

Na biyu, rigimarsa da Louis van Gaal, kocin Barcelona na lokacin. Kocin yana sa shi a gefen hagu, a nan kuma ya ci kofuna biyu na La Liga da kyautar gwarzon duniya. A daidai lokacin da aka ba shi kyautar, a Disambar 1999, sai ya fito ya ce shi ba zai ƙara buga gefe ba, a tsakiya yake so, bayan ɗan wasan gaba. Van Gaal ya ajiye shi na ɗan lokaci. Daga wannan kaka har ya bar ƙungiyar a 2002, Barcelona ba ta sake ɗaga kofi ko ɗaya ba. Ban ce laifinsa ne shi kaɗai ba, amma ina ganin ɗan wasan da tsari ya kai shi sama bai kamata ya zama na farkon rushe tsarin ba. Kuma masu kallon sa a kowane mako sun san yana da riƙe ƙwallo, yana da son bugawa daga inda bai kamata ba, ga shi ƙafar dama kusan ta takawa ce kawai.

Na uku, Milan. Van Gaal ya dawo Barcelona a 2002, aka sallami Rivaldo, ya tafi AC Milan yana ɗan shekara talatin, sabon zakaran duniya. Za ka ji ana cewa ya ci kofin zakarun Turai na 2003, kuma gaskiya ne sunansa yana cikin waɗanda aka rataya wa lambar, amma a wasan ƙarshe da Juventus a Old Trafford, minti 120 da bugun fanareti, yana zaune a benci, kocinsu Ancelotti bai sako shi ba. Rui Costa da Seedorf da Pirlo sun riƙe tsakiya, da Kaka ya iso a bazarar 2003 kuma sai ƙofa ta rufe gaba ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare ya bar Italiya. Zidane ya yi sarauta a Juventus ya je Madrid ya sake yi. Rivaldo a babbar ƙungiya ɗaya ya yi tasa, wannan kuma yana cikin ma'auni.

Tsohon Mai Tsaron Gida, Garin Malam:

Ɗan Sabon Gari, ɗan'uwana, na yarda da kai a kan abin da ya faru da Turkiyya, abin kunya ne, ba zan kare shi ba. Amma ka tsaya a wasan farko ka bar sauran shida, alhali a cikinsu amsar tambayar take.

Na tsare gida shekaru a wasannin unguwanni, saboda haka idan ina kallon wasa ba wanda ya ci nake fara dubawa ba, ina duba wanda ya sa mai tsaron gida ya rasa inda zai tsaya. A 2002 Rivaldo ya ci ƙwallo a wasanni biyar na farko a jere: Turkiyya, Sin, Kosta Rika, Beljiyam, Ingila. Biyun ƙarshe su ne masu nauyi. Beljiyam ta matsa wa Burazil ƙwarai, har Wilmots ya ci da ka alƙali ya soke, ana 0 da 0 har bayan awa ɗaya, sai Rivaldo ya tare ƙwallo da ƙirji, ya juya ya buga, ta ɗan taɓa mai tsaron baya ta shiga. Wasan Ingila kuwa da safiyar Juma'a muka kalle shi a nan, da ƙarfe bakwai da rabi. Owen ya fara ci, Burazil ta rikice, ana shirin tafiya hutu Ronaldinho ya ratso tsakiya ya miƙa masa, shi kuma bai tsayar da ita ba, ya shimfiɗa ta da hagu can kusurwar da Seaman ba zai kai ba. Kowa yana tuna bugun tazarar Ronaldinho da ya biyo baya, amma ba don waccan farkewa ba, da Ingila ta shiga hutu tana gaba, wasan kuma da ya sauya kama.

Sai wasan ƙarshe da Jamus a Yokohama, ranar 30 ga Yuni. An rubuta Ronaldo 2, Jamus 0. Ga yadda aka yi. Ta farko, Ronaldo ya ƙwace daga Hamann ya ba Rivaldo, Rivaldo ya buga ta ƙasa da ƙarfi, Oliver Kahn, wanda ƙwallo ɗaya tak ta shige shi a duk gasar kafin ranar, ya kasa riƙe ta, ta zubo gaban Ronaldo. Ta biyu ita ce wadda nake so yaron nan ya maimaita kallo sau goma. Kléberson ya turo ƙwallo daga dama, tana zuwa daidai ƙafar Rivaldo a bakin da'ira. Mutum ne mai ƙwallo biyar a gasar, wanda aka sani da son bugawa, yana wasan ƙarshe na kofin duniya, mai tsaron baya ya taho kansa, Kahn ya shirya masa. Sai ya buɗe ƙafa ya bar ta ta wuce ba tare da ya taɓa ta ba, domin ya san Ronaldo yana bayansa babu kowa a kansa. A takardar wasa babu sunansa a wannan ƙwallo, ko a matsayin wanda ya bayar. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ina rage Ronaldo ba ne, wanda ya dawo daga raunin gwiwa na shekaru ya ci 8, amma mutumin da kake kira mai son kai shi ne ya bar ƙwallon da ta fi kowace daraja a rayuwarsa ta wuce ga wani.

Kada kuma a manta 1998. Denmak ta ci Najeriya 4 da 1, ta zo ta tsaya wa Burazil a wuya a Nantes, Rivaldo ne ya ci biyu aka tashi 3 da 2. A wasan Holan shi ya zura wa Ronaldo ƙwallon da ya ci. Wasanni 74 ya buga wa ƙasarsa, ya ci 35, ya je wasan ƙarshe na kofin duniya sau biyu a jere. Duk da haka a shekarar 2000, a wasan neman gurbi da Kolombiya a Sao Paulo, 'yan ƙasarsa sun yi masa ihu har ya yi barazanar daina buga musu.

Ɗan Kasuwar Dole:

Ni bangaren ƙarshe na tambayar zan taɓa, tun da manya sun gama da na farko. Gaskiya ne ya buga a Afirka. A 2012, yana dab da cika shekara arba'in, ya sa hannu da ƙungiyar Kabuscorp ta birnin Luanda a Angola, ya yi kaka ɗaya. Ƙarshen zaman bai yi daɗi ba, domin an riƙe masa haƙƙinsa, maganar ta kai gaban FIFA, har daga baya aka zaftare wa ƙungiyar maki saboda bashin. Wannan ya dame ni a matsayina na ɗan Afirka, domin idan mai Ballon d'Or zai yi shekaru yana bin kuɗin guminsa, to ina ga yaronmu da ya bar Damagaram ya tafi wata ƙasa da takalmi ɗaya a jaka, babu lauya, babu wanda ya san shi?

Kafin Angola ya yi yawo mai tsawo. Daga Milan ya koma gida ya ɗan taɓa Cruzeiro a 2004, sannan ya tafi Girka, inda ya ci kofin ƙasar sau uku a jere da Olympiacos. Masoya Liverpool da ke cikinmu suna yawan ba da labarin ƙwallon Gerrard ta Disambar 2004, wadda ta buɗe musu hanyar Istanbul, inda suka ci kofin zakarun Turai, amma ba sa faɗin abin da ya sa suka shiga wannan matsi: Rivaldo ne ya fara cin su da bugun tazara a Anfield, ya tilasta musu neman uku. Wannan ya nuna ƙafar ba ta mutu a Milan ba. Ya yi shekara ɗaya a AEK Athens, a 2008 kuma ya tafi Bunyodkor ta birnin Tashkent a Uzbekistan, inda daga baya Scolari, kocin da ya ci kofin duniya da shi, ya same shi. Ya dawo gida ƙungiyar Sao Paulo a 2011, sai Angola, sai São Caetano, ya ƙare a Mogi Mirim, ƙaramar ƙungiyar da ta fito da shi, wadda ya zama shugabanta.

Na san masu cewa wannan yawo neman kuɗi ne, kuma ya zubar masa da girma. Ni ɗan kasuwa ne, jikan fatake, ban ga aibi ba ga mutum ya bi kasuwa inda take ci, ko Kano ce ko Agadas. Wanda yunwa ta zubar wa haƙora yana yaro ba zai kalli kwantiragi da idon wanda ya tashi a cikin wadata ba. Sai dai na yarda cewa ya biya farashi a suna, domin a shekarun da gidajen kallo suka yawaita a garin nan, kowane yaro ya sami ƙungiyarsa a Ingila ko Sifaniya, shi yana Girka da Tashkent inda babu mai nuna mana wasansa. 'Yan zamanin Ɗan Zangou sun buɗe ido sun tarar da Ronaldinho da Eto'o a rigar Barcelona, ba su tarar da shi ba.

Ɗan Zangou:

Na gode ƙwarai, iyayena, Allah ya saka da alheri. Na nemo wasan Valencia da na Jamus na kalla, kuma sai a karo na uku na lura da buɗe ƙafar da Baba na Garin Malam ya bayyana, domin da farko na ɗauka kuskure ya yi ƙwallon ta wuce shi. Saura abu ɗaya, Mushe: shin ya yi bankwana da tawagar ƙasarsa yadda ya dace da wanda ya ci mata kofin duniya, kuma yaushe ya ajiye takalmi gaba ɗaya?

Mushe Mai Ritaya, Birni:

Ɗana, ba a yi masa wani bankwana ba. Wasanninsa na ƙarshe da Burazil a 2003 ya buga su, a farkon neman gurbin kofin duniya na 2006, lokacin Carlos Alberto Parreira ya karɓi tawagar daga Scolari. Rashin samun wuri a Milan ya shafe shi, Kaka da Adriano suka taso, aka daina kiran sa, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan Yokohama. Ronaldo da Ronaldinho da Cafu da Roberto Carlos duk sun je Jamus a 2006, shi yana Girka.

Ɗan Sabon Gari, na karɓi gyaranka a kan Turkiyya da Milan, kuma da ni ne na fara kawo su da ya fi. Inda ban bi ka ba shi ne batun Van Gaal. Riquelme ya zo Barcelona a 2002 ya karɓi lamba 10 da Rivaldo ya bari, shi ma kocin ya tura shi gefen hagu, shi ma bai ji daɗi ba, kuma kocin kansa bai ƙarasa wannan kakar ba aka rabu da shi. A 2002 Scolari ya ba Rivaldo wurin da yake nema, a bayan Ronaldo, kusa da raga, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Game da ajiye takalmi, ya sanar da ritaya a 2014, sannan ya dawo a 2015 domin ya taimaki Mogi Mirim da ke fama a rukuni na biyu na gasar Burazil. A watan Yulin shekarar, a wasansu da Macaé, ya shiga fili tare da ɗansa Rivaldinho. Uban yana da shekara 43, ɗan yana da 20. Sun yi nasara da ci 3 da 1, ɗan ya ci biyu, uban ya ci ɗaya da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wata ɗaya bayan haka ciwon gwiwa ya tsayar da shi. Idan ka ga kawunka ka gaishe shi, ka kuma tambaye shi a ina ya kalli wasan Atlanta, domin ina zaton a daren nan shi ma bai naɗe tabarmarsa ba.